Safiyar da Motar Malam Barau Ta Ƙi Tashi

Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Labarin nan akwai shari'a a cikinsa, kuma idan na kai ƙarshe ku ne alƙalai. Wanda ya san gyangyaɗi zai ɗauke shi ya tashi tun yanzu, don ba na son a yanke hukunci da rabin magana.

Can saman duwatsun Filato, inda ake noman dankalin turawa, akwai wani ƙauye da ake kira Kwarin Ɓaure. Gidajen suna bisa tudu, gonakin kuma suna ƙasa a bakin rafi. Wanda bai taɓa kwana a garin ba bai san sanyi ba. Tsakiyar damina, in marka ta kama, gajimare kan sauko ya kwanta bisa rufin ɗakuna, mutum ya fito alwala ya ji ruwan buta kamar reza a fatarsa.

A garin akwai wani dattijo manomi, Malam Barau, kuma shi ne mai mota ɗaya tilo da ke ƙauyen. Tsohuwar a-kori-kura ce fara, mai shan man dizal, wanda direbobi ke ce wa gas. Ita ke kai dankali kasuwa, ita ke kawo taki. In haihuwa ta gagara a gida, ƙofar Malam Barau ake bugawa. In an yi rasuwa a wani gari, a bayanta ake zuwa gaisuwa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ta bar masa 'ya'ya uku, kuma dukkansu ya koya musu tuƙi a hanyar gona tun suna ƙanana.

Babban shi ne Nomau, mutum mai shiru, wanda bai taɓa barin gida ba. Tun da idon uban ya fara rauni, shi ke tuƙa motar kusan kullum. Mai bi masa mace ce, Lantana. Ta yi aure a wani gari, mijinta mai injin niƙa ya rasu, ta dawo gidan uba da 'ya'yanta, ita ke riƙe da girki da tantance dankalin da za a kai kasuwa. Autan shi ne Tanimu. Ya koyi kanikanci a birni har ya buɗe garejinsa, sai aikin faɗaɗa titi ya bi ta kan garejin. Ya dawo ƙauye da akwatin sifanunsa da zuciya a ƙuntace.

To, motar nan tana da wani ciwo da ya daɗe yana damun gidan. Da rana ƙalau take, kana murɗa makulli ta amsa. Amma in ta kwana cikin sanyi, da safe sai ta zama kamar jakin da ya ƙi tafiya.

Masu mota a cikinku sun sani, amma bari in faɗa don sauran. Injin gas ba tartsatsi ke kunna shi ba kamar na fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafi, sai a fesa mai a cikinta ya kama da kansa. Saboda haka da safe yana so a juya shi da ƙarfi, yana so mai ya iso masa, yana kuma so cikinsa ya yi ɗumi. Don ɗumin nan ne aka dasa masa wasu 'yan ƙarafa da kanikawa ke kira hita, waɗanda kan yi ja in ka murɗa makulli rabi ka ɗan jira.

An kai ta gareji ba sau ɗaya ba. Amma kafin a gangaro daga dutse a isa cikin gari injin ya yi zafi, bakanike yana taɓa makulli ta tashi, sai ya ce, "Baba, motarka lafiyarta lau." Wani ya ce batir ne, aka sa sabo, ta yi sauƙi na ɗan lokaci ta koma. Wani ya canza filta. Babu wanda ya yarda ya hau dutse ya kwana a ƙauyen don ya ga yadda take da asuba, alhali a lokacin nan kaɗai ciwon ke fitowa. Daga baya Nomau ya samo dabara. Kowace yamma sai ya ajiye ta a kan gangaren ƙofar gida tana fuskantar ƙasa, da safe maƙwabta su tura, ya saki kuloci, ta yi tari ta kama. Aka saba da turi har aka manta cewa ciwo ne.

Ran nan, jajibirin kasuwa, aka yi lodin dankali a rumbun da ke cikin kwari. Malam Barau yana da ƙaba shekara da shekaru, an sha hana shi ɗaukar nauyi, amma da ya ga hadari ya haɗu sai ya sa hannu aka yi ta cicciɓar buhuna da shi. Ruwa ya sauko kafin a gama. Hanyar hawa tudu ta yi santsi, mota da kaya ba za ta iya ba, sai Nomau ya bar ta nan ƙasa, hancinta yana kallon tudu, da nufin gobe in ƙasa ta ɗan tsane a san yadda za a yi.

Da asuba ba a ga Malam Barau a sahu ba. Lantana ta shiga ɗakinsa ta same shi a dunƙule yana amai, gumi na keto masa duk da sanyin nan. Ƙabar ta fito ta yi tauri kamar dutse, ta ƙi komawa. Aka kira mai kemis ɗin garin, ya duba, ya ce hanji ne ya maƙale, ba shi da abin da zai iya, kuma in ba a kai shi babban asibiti an yi masa aiki da wuri ba, to sai dai addu'a. Babur ba zai ɗauki mutum a wannan hali ba. Aka hau kan dutse inda ake samun sabis aka yi ta kiran direbobin garuruwan kusa a waya, wannan ya yi tafiya, wancan rafi ya cika ya tare shi. Babu abin da ya rage sai farar motar, ga ta a ƙasan kwari inda sanyi ya fi taruwa, babu gangaren da za a tura ta, taya kuma cikin taɓo.

Maza suka rabu biyu. Wasu suka cire ƙyauren ɗaki suka ɗora dattijon suka bi doguwar hanya da shi a hankali zuwa kwarin. Wasu suka gangara suka hau sauke dankali. 'Ya'yan uku kuwa suka nufi motar. Yanzu sai ku kasa kunne ku ji abin da kowannensu ya yi.

Nomau ya shiga ya murɗa makulli. Injin ya juya a kasalance, wuu, wuu, kamar tsohon da ke juyi a kan gado. Ya sake, ya ƙara nauyi. Jama'a suka yi ta cewa ya ƙara, ya ƙara. Sai ya zare makullin ya jefa a aljihu. Aka yi masa ca, har Tanimu ya ɗaga masa murya, abin da bai taɓa yi ba. Nomau ya ce kowace murɗawa tana cinye ɗan ƙarfin da ya rage, kuma ba zai sake ba sai ya san abin da ke riƙe ta. Ya buɗe bonet ya bi ƙarafan da bayan hannunsa. Komai sanyi ƙalau, sai wata kakkaurar baƙar waya da ta taso daga batir ta kama jikin mota, ita kaɗai ya ji da ɗumi kamar an ciro ta daga toka. Ya tsaya yana tunani, me zai sa waya ta yi zafi a safiya irin wannan, in ba wuta ce ke kokawar wucewa ba? Ya kwance noti. A ƙarƙashinsa wata koriyar tsatsa ta cinye wayar, 'yan silalla kaɗan ne ke riƙe da ita. Ya yanke ruɓaɓɓen wurin da wuƙa, ya kankare ƙarfen da tsakuwa har ya yi ƙyalli, ya ɗaure tamau.

Amma batir ya riga ya galabaita. Nomau ya haura tudu da gudu zuwa masallaci, inda ake da babban batirin sola na lasifika. Ya fara yi wa Liman bayani, Liman ya katse shi.

"Ɗauka, Nomau. Kafin lasifika ta zo, da baki muke kiran salla."

Batirin ya fi buhun taki nauyi, gajeruwar hanyar kuma siririya ce, mutum biyu ba sa jerawa. Ya yi gammo da rigarsa ya ɗora a ka, ya tuɓe takalmi, ya bi gangaren yana dasa yatsun ƙafa cikin laka. A tsakiyar hanya santsi ya kwashe shi ya faɗi bisa gwiwa a kan dutse, gwiwar ta dare, amma bai bar batirin ya taɓa ƙasa ba. Ya iso jini na bin ƙwaurinsa, ya haɗa batiran biyu da wayoyin da ya kwanto daga masallacin, ya murɗa. Injin ya juya da sauri kamar dutsen niƙa ya samu hannu mai ƙarfi. Amma bai kama ba.

Shi kuwa Tanimu, lokacin da kowa ya taru a gaban mota, sai ya zagaya baya ya tsuguna, ya kara tafin hannunsa a bakin salansa, inda hayaƙi ke fita. Iska ce kawai ke fita, babu hayaƙi, babu ko warin mai.

"Yaya, dakata," in ji shi. "Juyawa take da yunwa. Ko ɗigo ba ya isa gare ta."

A bisa filta akwai ɗan famfon hannu na janyo mai. Ya danna, ya ji shi lagwab, babu abin da ke tokare shi. Ya sassauta ɗan noti na gefe, maimakon mai sai kumfa ta fito kamar ta sabulu. Nan ya gane iska ke shiga hanyar mai ta wani wuri, kuma tunda motar ta kwana hancinta a sama, man duk ya zurare ya koma tanki. Abin da ya ɓoye wannan ciwo shi ne irin wannan tsaga ba ta ɗiga a ƙasa. Shaƙa take yi, ba zubarwa ba, don haka babu tabon da ido zai gani.

Ya kwanta rigingine cikin taɓo ya shige ƙarƙashin mota, masu sauke kaya na tattakawa a samansa, ruwan laka na zubo masa a fuska. Ya bi tiyo daga tanki da yatsunsa, duk inda ya samu roba sai ya lanƙwasa ya duba. Sanyi ya kashe masa hannu har ba ya jin abin da yake taɓawa, sai ya sa yatsun a baki ya hura ya ci gaba. A wani lungu inda tiyon ke gogar ƙarfe, yana lanƙwasawa sai tsaga ta buɗe baki. Ya fito ya shiga rumbu, ya yanko tiyon injin ban ruwan ubansu da ke ajiye tun ƙarshen rani, ya maye gurbin, ya ɗaure da waya. Ɗan famfon ya tsufa, ya kasa janyo mai daga nesa haka. Tanimu ya sa bakinsa a tiyon ya zuƙa, ya zuƙa, har gas ya kwararo masa cikin maƙogwaro, ya haɗiye wani, wani ya sarƙe shi. Yana tari yana hawaye ya mayar da tiyon, ya yi ta danna famfo har ya yi tauri, kumfa ta ƙare, mai ya fito garau. Ya yi wa Nomau alama da hannu don ba ya iya magana. Nomau ya murɗa. Wani farin hayaƙi mai kauri ya turnuƙe bayan mota, mai warin ɗanyen gas. Injin ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru.

Daidai nan masu ɗauke da ƙyaure suka iso. Malam Barau ya daina nishi da ƙarfi, abin da ya fi nishin ban tsoro.

Ita kuwa Lantana, tun kafin Nomau ya fara murɗa makulli ta riga ta hura wuta a rumfar masu gadin dankali, ta ɗora babbar tukunya cike da ruwa. Wata tsohuwa ta gan ta, ta zaci ruwan wankan gawa take tanada, ta zage ta tas, ta ce wace irin 'ya ce ke yi wa ubanta fatan mutuwa yana numfashi. Lantana ta ci gaba da fifita wuta.

Abin da ta sani, ta san shi ne ta tagar mota. Kowace asuba ita ke miƙa wa mai tuƙi shayi. A da, in an murɗa makulli rabi ana jira, takan ji wani ɗan ƙas daga cikin injin, fitilar cikin mota kuma ta dushe kamar wani abu na shan ƙarfinta. Tun daminar bara ba ta sake jin ƙas ɗin ba, fitilar kuma ba ta dushewa. Ta kuma lura ranar da motar ta kwana jingine da bangon madafa, inda murhu ke bayansa, turi kaɗan take buƙata. Farin hayaƙin nan kuwa ta san shi a murhunta, shi ɗanyen itace ke yi in akwai abin ci amma babu zafin da zai ci shi. Ta faɗa wa 'yan'uwanta wannan a taƙaice. Tanimu ya leƙa ya murɗa makulli rabi yana kallon fitila. Ba ta motsa ba. Hita ba ta aiki, kuma babu wata a ƙauyen, babu lokacin nemowa.

Lantana ta rufe batiran da buhuna, ta ɗebo tafasasshen ruwa da buta ta riƙa tsiyayawa a hankali bisa kan injin da siraran bututun mai, buta bayan buta, har ƙarfen ya fara tururi. Ta kwaso laka da hannu ta binne duk inda gas ya zuba a ƙasa. Sannan ta ce wa Tanimu ya cire babbar robar da injin ke shaƙar iska ta cikinta. Ta yage gefen zanenta ta naɗa a kan waya, ta tsoma a mai, ta kunna. Haka ta sha ganin marigayi mijinta yana lallashin injin niƙa a safiyar sanyi.

"Lanti, wuta a kusa da mai?" in ji Nomau. "In ta kama, da mu da Baba duka."

"Na sani, Yaya. Murɗa."

Ta kara harshen wutar a bakin bututun iskar. Nomau ya yi bisimilla ya murɗa. Injin ya zuƙe wutar ciki, ya yi tari, ya amayo ta waje a kan hannunta. Mutane suka ja da baya. Ita ba ta saki ba, ta ƙara matsawa, fatar hannunta na tashi. Ya sake tari, ya yi ɓaɓatu kamar zai mutu, ya girgiza motar gaba ɗaya, sannan ya kama. Baƙin hayaƙi ya fita, ya washe, ƙarar ta daidaita.

Aka shimfiɗa katifa a baya aka kwantar da dattijon, maza suka sa kafaɗa har taya ta fita daga taɓo. Suka isa asibiti hantsi ya ɗaga, aka wuce da shi ɗakin tiyata kai tsaye. Da likita ya fito ya ce hanjin ya fara baƙi, da an ƙara jinkiri kaɗan da ba abin da za a iya cetowa. A asibitin nan aka ɗinke gwiwar Nomau, aka ɗaure hannun Lantana, Tanimu kuma aka ba shi gado saboda gas ɗin da ya shiga ƙirjinsa. Har yau Nomau na ɗingishi in sanyi ya yi, yatsun Lantana biyu ba sa miƙewa sosai, Tanimu kuma ya daɗe kafin tarin ya sake shi.

Malam Barau ya warke, amma likita ya hana shi ɗaukar nauyi da tuƙi a hanyar dutse har abada. Da ya koma gida ya samu ƙarfin zama, ya kira 'ya'yansa uku, ya kira Liman ya zama shaida. Ya ce yana so ya raba abin hannunsa tun yana raye. Fadamar bakin rafi kaso ɗaya ce, rumbu da gonar tudu kaso ɗaya, mota kaso ɗaya, kuma an ƙiyasta babu wanda za a ƙware. Amma mota ba za ta zama ta haɗaka ba, domin ya ga motocin haɗaka da yawa, kowa na hawa babu mai duba mai. Mutum ɗaya zai riƙe makulli, shi ne kuma wanda za a riƙa buga wa ƙofa in wani ya kwanta a garin. Ya ce yana so ya ba wanda ya fi cancanta bisa abin da ya faru a safiyar nan, amma ya kwana yana juya abin a ransa ya kasa.

Dukkansu uku suna so, ko da yake babu wanda ya buɗe baki ya ce a ba shi. Nomau ya ƙare ƙuruciyarsa a kan kujerar motar nan. Tanimu yana ganin da ita zai sake tsayawa da ƙafarsa. Lantana tana da marayu, tana kuma da tunanin kai dankalinta kasuwa da kanta ba tare da jiran kowa ba.

Magana ta fita, gari ya rabu uku.

Masu goyon Nomau suka ce shi ne ya hana a ƙarasa kashe batir lokacin da kowa ya ruɗe, har da bakaniken gidan. Ba don ya zare makulli ba, da babu abin da zai juya injin ko an kawo masa mai da zafin duniya. Suka ce tsayawa a yi tunani ana yi maka ihu, ubanka na mutuwa, ya fi komai wuya. Aka amsa musu cewa ai shi ke tuƙa ta kullum, shi ya ƙirƙiro turin da ya rufe ciwon, shi kuma ya bar ta a ƙasan kwari.

Masu goyon Tanimu suka ce nasa ciwon ne ya fi ɓuya. Waya mai zafi hannu na iya ji, farin hayaƙi ido na iya gani, amma tsagar da ba ta ɗiga sai wanda ya san inda zai nema, kuma ya yarda ya kwanta cikin laka ya sha gas. Ba don shi ba, da Nomau ya juya injin har batirin masallaci ya mutu, da Lantana ta ƙona hannunta a banza. Suka ƙara da cewa mota a hannun mai gyara ta fi daɗewa. Aka amsa musu cewa wannan ne ma laifinsa. Shi kaɗai ya koyi aikin, ya yi watanni a gida da sifanunsa a ƙarƙashin gado, duk lokacin da uban ya ce ya duba ta sai ya ce gobe, don baƙin cikin garejinsa ya sa ba ya son ganin injin.

Masu goyon Lantana suka ce ita ta san ciwon tun kafin ranar ta zo. 'Yan'uwanta sai da mota ta ƙi suka fara nema, ita kuwa ta ɗora ruwa tun ba a taɓa makulli ba, ta haɗiye zagi, kuma da ta jira sai an ga farin hayaƙi sannan ta hura wuta, da lokacin ya ƙure. Suka ce a hannunta injin ya kama. Aka amsa musu cewa zuwa a ƙarshe ba shi ne fifiko ba, kuma wutar da ta kunna da ta kuskure da an rasa rai fiye da ɗaya. Sannan in ta san hita ta mutu tun bara, me ya sa ta yi shiru? An ce ta taɓa faɗa sau ɗaya ana cin tuwo, babu wanda ya ɗaga kai, ta ji haushi ta rantse ba za ta sake sa baki a maganar mota ba. Wasu suka ce wannan uzuri ne, wasu suka ce fushi ne da ya kusa cin ran ubanta.

Liman da aka matsa masa ya ce shi shaida aka kira shi, ba alƙali ba. Malam Barau kuwa duk wanda ya zo masa da hujja sai ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, wani ya zo da kishiyarta ya sake cewa gaskiya ne.

Ni dai na ba ku yadda aka yi, ban ƙara wa kowa ba, ban rage wa kowa ba. Kowannensu ya gano ciwon da sauran ba su gano ba, kowannensu ya bar wani abu na jikinsa a kwarin nan, kowannensu kuma akwai sakacin da ya yi kafin ranar. To, ku da kuke zaune nan, in da ku ne Malam Barau, tsakanin Nomau da Tanimu da Lantana, wa za ku damƙa wa makullin motar?